Lefensa An Ƙirga, Gwal Ɗinta Fa?

Ranar da aka mayar da lefen 'yar ƙanwata ni aka tura, don ni ne kawu, kuma ni aka ga ba ni da saurin hawa. Akwati shida ne. Muka sauke su a zauren gidan su yaron bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarma, gwaggonsa ta fito da takardar da aka rubuta ranar da aka kai kayan, ta maƙala tabarau. Tana karantawa, wata yarinya tana ɗagawa ana gani. Atamfa turmi kaza, ga su. Leshi kaza, ga su. Shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, kayan shafa, har turaren da ba a fasa ba. Turmi biyu ne aka riga aka ɗinka, muka biya kuɗinsu nan take ba tare da ciniki ba. Yarinyarmu ce ta ce ta fasa, don haka ba mu da bakin magana.

Na ɗauka an gama. Har na gyara hula zan miƙe, sai yaron ya shigo da ɗan littafi irin na 'yan firamare. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Kawu, akwai sauran lissafi." A ciki akwai katin waya na shekara biyu, kowanne da ranarsa. Akwai tsire, akwai lemon kwalba, akwai kuɗin adaidaita na ranar da ta je dubiya asibiti, akwai barka da Sallah da ya ba ƙanenta. Baffansa ya karɓi littafin, ya duba shafi ɗaya, ya rufe ya jefa aljihu, ya ce masa, "Tashi ka ba mu wuri." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, a yi haƙuri, yaro ne."

Ban yi wa yaron dariya ba, har yau kuma ba na yi. Teloli yake yi wa aiki, sai ya kwana a kan keke kafin ya haɗa kuɗin turmi ɗaya. Wanda bai taɓa tara lefe da guminsa ba bai san zafin a ce masa an fasa ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: a ranar, mutum takwas muka bar ayyukanmu muka zauna don a tabbatar ko ɗankwali ɗaya na namiji bai salwanta ba. Ban taɓa ganin an yi irin wannan zama don dukiyar mace ba, kuma ina da dalilin faɗin haka, zan zo kansa.

A batun kayan neman aure malamanmu na Malikiyya ba su bar mu a duhu ba. Abin da aka fi tafiya a kansa shi ne a dubi wanda ya fasa. In namiji ne ya janye, ba shi da ikon neman abin da ya bayar. In ɓangaren mace ne suka janye, a mayar masa da kayansa, wanda ya salwanta a biya kimarsa, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta ce wani abu daban. Sadaki kuwa, in an ba da shi tun kafin ɗaurin aure sannan auren bai yiwu ba, komawa yake yi ko wa ya fasa, tunda abin da aka bayar dominsa bai auku ba. In an ɗaura aka rabu kafin tarewa, Alƙur'ani ya yanke rabi a aya ta 237 ta Suratul Baƙara. Hukunci ne mai kan gado, don yana hana wasa da dukiyar mutane ta kowane ɓangare. Iyayen da suka karɓi kayan mutum uku a kan 'ya ɗaya sun san abin da suke yi, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Haka shi ma saurayin da ya tsare yarinya shekara huɗu, ya kore mata manema, rana tsaka ya hango wata, ba shi da fuskar aiko a kwaso masa akwatuna.

Inda rigima take yanzu ba a lefe take ba. Lefe a bainar jama'a ake kai shi, mata sun ƙirga, an rubuta, an ba da tukuici. Rigimar tana cikin abin da ya wuce tsakanin mutum biyu a ƙofar gida ko a cikin waya: wayar da aka saya mata, kuɗin rajistar makaranta, jarin sayar da turaren wuta, kuɗin da aka tura da dare aka ce "ki sha lemo". Lokacin da ake bayarwa sunansa kyauta, wani ma har da rantsuwa. Ranar da aka ɓata sai ya rikiɗe ya zama bashi. Hadisin da ya kwatanta mai komawa wa kyautarsa da karen da ya yi amai ya koma ya lashe sananne ne, yana cikin Buhari da Muslim, kuma daga bakin samarin da kansu za ka ji shi in wani ne abin ya shafa. Ni a ganina duk abin da aka ci aka shanye lokacin zance ya tafi ke nan. Kai ka ji daɗin bayarwa, an yi maka murmushi, an kira ka da sunaye masu daɗi, an rako ka har bakin lungu. Cinikin ya faɗa tun a lokacin. Amma babban abu da aka bayar saboda an tsayar da maganar aure, kuma manya sun sani, wannan a neme shi babu kunya.

Ko a dokar boko ma kusan nan aka tsaya. A 2004 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukunci a wata shari'a kan wani fili a Abuja, tsakanin wani attajiri da matar da suka yi soyayya. Takardun filin da sunanta suke, shi kuma ya riƙe su, yana cewa kuɗinsa ne kuma don za ta aure shi ya kashe. Kotu ta ba ta gaskiya. Marigayi Mai Shari'a Niki Tobi ne ya rubuta babban hukuncin, kuma abin da ya kafa shi ne, soyayya daban, alkawarin aure daban. Wanda ya ce ya yi kyauta ne saboda alkawarin aure, sai ya nuna alkawarin a fili. Masu kuɗin da suke saya wa 'yan mata motoci a ɓoye su ji da kyau.

Wani abin da ya zama ruwan dare shi ne kai irin wannan magana ofishin 'yan sanda. Saurayi ya san wani a can, sai a aika a ɗauko yarinya ko ubanta, a ce an kawo ƙarar damfara, a tsare dattijo a bayan kanta har sai 'yan'uwa sun haɗo kuɗi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki, dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma ta faɗi haka. Amma talaka bai san da su ba, wanda ya sani kuma tsoron kwana a can ya fi ƙarfinsa. Wurin wannan magana zauren mai unguwa ne, ko ofishin Hisba a garuruwan da take, in ta gagara a tafi gaban alƙali.

Yanzu ga dalilin da na ce zan zo kansa.

Yayata malamar firamare ce, ta yi shekara goma sha tara a gidan miji. Lokacin da ya sayi fili a bayan gari, ita ta kwashi adashi ta cika masa kuɗin. Da gini ya kai linta kuɗi suka yanke, ta ɗauko sarƙa da 'yan kunne da warawaran gwal da mahaifiyarmu ta bar mata, aka kai kasuwa, aka sayo kwano da katako. Na tuna ranar, don ni na raka ta. Mai shagon ya ɗora a sikeli, ya danna kwakuleta, ya juyo mana da ita. A hanyar dawowa na ce, "Yaya, ko za a rubuta?" Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce, "Uban 'ya'yan nawa zan rubuta wa takarda? Gidan nan na wa ne in ba nasu ba?" Na ja bakina na yi shiru.

Shekara bakwai bayan haka ya ƙaro aure, wata takwas bayan auren ya miƙo mata takarda. Iddar ma a gidanmu ta yi, kamar yadda aka saba yi a garin nan duk da kowa ya san a ɗakinta Alƙur'ani ya ce ta yi. Aka aika a-kori-kura ta kwaso gado da katifa da kujerun da suka ga jiya suka ga yau, da kwalla da tukwane. Firji ma sai da aka yi ja-in-ja, ya ce shi ya saya, ita ta ce albashinta ne, aka bar masa don a zauna lafiya. Gidan yana nan, amarya tana shanya a ƙarƙashin kwanon.

Babu wanda ya shimfiɗa tabarma, babu gwaggon da ta sa tabarau. Da na tayar da maganar a cikin dangi, amsar da na samu ita ce wadda kowace Bahaushiya ta haddace: ta yi haƙuri, ta bar shi da Allah, ta dubi 'ya'yanta, kada a ce ta kai ubansu kotu. Mutanen da suka faɗi haka su ne dai waɗanda suka tura ni da akwati shida, suna jaddada mini kada a bar ko tsinke, don haƙƙin mutane ba abin wasa ba ne. Ashe haƙƙi ma yana da jinsi.

Abin takaicin shi ne addini bai ce haka ba. Dukiyar mace tata ce, aure ba ya haɗe ta da ta miji. Ci da sha da sutura da muhalli a wuyansa suke ko da ta fi shi kuɗi. Abin da ta ba shi rance, bashi ne kamar na kowa, ana binsa yana raye, ana cire shi daga gadonsa in ya mutu kafin a raba. Malaman Malikiyya har sun yi maganar matar da ta yi wa miji kyauta don zama ya ɗore, sai ya sake ta ba da jimawa ba, suka ce tana da ikon karɓar abinta. Aya ta 20 a Suratun Nisa'i kuwa kamar don irin wannan gida ta sauka: in kuka so canza mata da wata, ko da tulin dukiya kuka ba ta, kada ku karɓi komai daga ciki. Wanda aka hana ya karɓi abin da shi ya bayar, ina ga abin da ita ta kawo?

To amma alƙali ba ya hukunci da abin da ke cikin zuciya. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Mace ta zo ta ce da kuɗinta a ginin nan, takardar fili da sunansa, rasit ɗin siminti da sunansa, magini shi ya sani, mai kwano shi ya gani. Sai a ce ya rantse, kuma akwai mazan da rantsuwa ba ta yi musu nauyi. Ko a kayan cikin gida, ƙa'idar mazhabarmu in babu shaida ita ce abin da aka san na mata ne a ba mace da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne a ba namiji, wanda kuma kowa yana iya mallaka shi ma namiji ake ba, don gidan nasa ne. A zamanin da aka tsara wannan, kayan mace tasa ce da madubi da abin hannu, babu wahalar ganewa. Yau firji, talabijin, janareta, injin markaɗe da keken ɗinki fa? Matar da ba ta ajiye rasit ba ta shiga uku, ko da kowa a unguwa ya san da kuɗin ƙosanta aka saya.

Sai kul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure, wanda ya koma wata kasuwa. Asalinsa matar Sabitu ɗan Ƙaisu ce ta zo wa Annabi (SAW) ta ce ba ta zargin mijinta a hali ko addini, ita dai ba za ta iya zama da shi ba, aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki ya sake ta. Gonarsa kawai. Yau miji zai daina cefane, ya ƙaurace wa ɗaki, ya sa hannu, har sai ta gaji ta kai ƙara da kanta, sannan ya miƙe a gaban alƙali ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ina son matata." Wannan jumla farashi ce. Daga nan sai lissafi: sadaki, lefe, kuɗin gaisuwar iyaye, abincin 'yan biki, wani har da abin da zai isa ya auro wata. Aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta hana a ƙuntata wa mata don a karɓe wani abu daga abin da aka ba su, malamanmu kuma sun ce in ta tabbata cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, sakin ya tabbata kuma a mayar mata da kuɗinta. Mace nawa aka taɓa gaya wa haka? Mut'a kuwa, kyautar sallama da Alƙur'ani ya ambata ga matar da aka saka, a wa'azi kaɗai nake jin ta. Ban taɓa zama inda aka ba da ita ba.

Akwai kuma wata asara da ba a lura da ita. A ce ma mutum ya ji tsoron Allah ya ce zai biya. Nawa zai biya? A 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Matar da aka sayar da sarƙarta shekara goma da suka wuce, in aka miƙo mata adadin kuɗin da aka karɓa a lokacin, ko ɗan kunne ɗaya ba za ta mayar ba. Shi ya sa nake gaya wa duk wadda ta tambaye ni, in gwal za ki ba shi, gwal kika ranta, ba kuɗi ba. A auna, a rubuta giram nawa ne, ranar biya ya kawo nauyinsa. In saniya ce ko buhun hatsi ma haka.

Na san abin da za a ce, don Yaya ta riga ta gaya mini: takarda tsakanin miji da mata rashin yarda ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ba ta ce ban da wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ba. Mutanen da ta sauka a cikinsu sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutun ma ai kariya ce ga mijin kirki, don ranar da ya faɗi ya mutu, 'yan'uwansa da 'ya'yan kishiya ba su san abin da aka yi a ɗaka ba, shi kuma a bar shi da nauyi a kabari. Yanzu ma abin ya zo da sauƙi. Tun daga Dokar Shaida ta 2011 kotunan Najeriya suna karɓar bayanan da suka fito daga na'ura, bisa sharuɗɗansu. Mai tura kuɗi ta waya, a ɗan gurbin nan da ake rubuta dalili, ta rubuta "rance" ko "kuɗin fili". Daƙiƙa biyar ce. Kada ta goge saƙon da ya ce "zan biya ki ƙarshen wata".

Duk da haka ba na son a ɗora wa mata kayan duka, a ce laifinsu ne da ba su rubuta ba. Yarinyar da aka raina a kan cewa miji ba a yi masa musu, ba ita za ta fito da biro a daren da ya ce kasuwa ta karye ba. Aikin hukuma ne da malamai su sa abin ya zama al'ada, yadda babu wanda zai ji an zarge shi. Maroko 'yan Malikiyya ne kamarmu. A dokar iyalinsu ta 2004 sun rubuta cewa kowane ɗaya daga ma'aurata dukiyarsa tasa ce, amma suna iya yin takarda daban da ta aure kan yadda za a yi da abin da aka tara a zaman tare, kuma wajibi ne masu rubuta auren su sanar da su wannan dama. In ba a yi takardar ba, alƙali ya dubi aikin da kowa ya yi da abin da ya zuba. Batun kyautar neman aure ma sun sa shi a doka, daidai da abin da malamanmu suka ce: wanda ya fasa ba ya nema. A Kano, Sarki Muhammadu Sanusi II ya tayar da maganar dokar iyali a 2017, aka yi ca a kan batun ƙarin aure kaɗai, sauran abin da ke ciki ya bi iska. Gwamnatin da take iya aurar da mata 1,800 a rana ɗaya, kamar yadda aka yi a Kano a 2023, har da gado da katifa da sadaki, ba za ta kasa buga takarda mai shafi ɗaya da za a riƙa cikewa a wurin ɗaurin aure ba: ga abin da ya kawo, ga abin da ta shigo da shi, ga gurbin abin da zai biyo baya.

Yaya ba ta je kotu ba. Babban ɗanta ne ya durƙusa ya ce, "Umma, don Allah ki rufa mana asiri," ta rufa. Tana haya ɗaki biyu kusa da makarantarsu, ta shiga sabon adashi.

Bana na aurar da 'yata ta fari. Ana gobe jere, na ɗauki 'yan kunne da sarƙar da uwarta ta tara mata na kai shagon nan dai, mai sikelin ya tsufa, ɗansa ne ya auna. Na rubuta nauyin a takarda, na ƙara da firji da keken ɗinki da lambobinsu, na yi kwafi biyu. Yaya ce ta fara sa hannu a matsayin shaida, ba ta ce komai ba. Bayan an shafa fatiha na ja waliyyin ango gefe na miƙa masa ɗaya. Ya karanta har ƙasa, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Alhaji, tun ba a kai amarya ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lefenku ma ai da takarda ya zo." Ya yi dariya, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.